Kaset Ɗin da Ya Maƙale a Ɗakin Folake

Litinin, 6 ga Yuli, 1992

Silas ya tafi tun da sassafe. Gadau yau da gobe, Udubo jibi, sai Alhamis in Allah ya kai mu. Aikin malamin gona da damina ke nan: ya san abin da ke damun geron kowa a ƙasar Katagum, matarsa kuwa ko oho. Ban yi ƙorafi ba, na ɗaure masa dafaffen ƙwai da yaji a leda.

Cikin ya shiga wata bakwai. Ban rubuta wa Mama ba tukuna. Wancan karon da wuri na rubuta, har ta aiko da zanen goyo daga Bogoro.

Da na gama wanke-wanke na tsallaka wajen Folake. Ita kaɗai ke da bidiyo a gidan hayar nan. Mijinta Abiodun ya sa an ƙera wa abin keji na ƙarfe, an kafe a bango, ya garƙama kwaɗo, sai ka ce kura ya kama. Ta ture atamfofin da take sayarwa gefe, ta saki labule, muka zauna. Fim ɗin Yarbanci ne, na mayu. Ba na jin ko kalma ɗaya, ita ke fassara mini da gurguwar Hausarta, rabin fassarar kuma ihu ne.

Na ji tsoro sosai. Na kuma ji daɗi. Gobe zan koma.

Alhamis, 9 ga Yuli

Ya Gana, tsohuwar da muke haya a gidanta, ta tare ni a bakin rijiya. Ashe tana jin ihunmu daga ɗakinta. Ta ce mai ciki ba ta kallon mummunan abu, don abin da uwa ta ƙura wa ido shi yaron ke ɗebowa, ita ta ga irin haka da idonta a Kukawa tun tana yarinya. Ta kwance bakin zanenta ta ba ni wata tsohuwar allura, ta ce in soke a gashina, kada kuma in fita da tsakar rana. Na durƙusa na karɓa, na yi godiya.

Folake ma tun watan jiya ta maƙala mini fil a zane, ta ƙulle mini ɗan tsakuwa a gefe, wai haka ake yi a garinsu. Yanzu ina yawo da ƙarfen Barebari a ka, na Yarbawa a ƙugu, ga Littafi Mai Tsarki a ƙarƙashin matashi. Aljanin da ya iya shiga ta nan ya yi ƙoƙari.

Dariya nake yi a takarda. A bakin rijiya ban yi ba. Ya Gana ba ta san na fi ta sanin maganar da ta faɗa ba.

To me ke kai ni? Na tambayi kaina. Ina jin don a can tsoro yana da fuska, kuma bayan awa biyu sai a rubuto sunayen 'yan wasa, a ɗaga labule, a tarar da kaji suna kiwo a tsakar gida. Nawa ba ya ƙarewa haka.

Silas ya dawo, ya kawo yakuwa. Ban gaya masa ina kallo ba.

Talata, 14 ga Yuli

Bari in rubuta.

Abiodun ya tafi Ibadan jiya, an yi musu rasuwa, zai daɗe. Ya bar wa Folake sabon kaset wanda ita ma ba ta taɓa gani ba. Ƙarfe biyu muka sa. Hadari ya riga ya haɗu ta wajen Misau, amma wa ya kula.

Wata tsohuwa ce a ciki, fuskarta fara fat da alli, tana zaune a gindin wata bishiya da tuluna a jere. Folake ta ce cikin mata take cirewa ta ajiye a tulunan, mace ta wayi gari cikinta a shafe. Sai aka nuno wata mai ciki da zane ruwan ɗorawa tana shanya, ita kaɗai a gida. Tsohuwar ta shigo ta roƙi ruwa. Na ce da ƙarfi kada ki ba ta, Folake ta yi mini dariya. Ta ba ta. Tsohuwar ta karɓi moɗar da hagu, ta ɗora tafin damanta a kan cikin, a hankali, ta ɗago ido ta kalle mu.

Nan tsawar ta faɗi. Ban taɓa jin irinta ba, har haƙorana suka amsa. Wuta ta ɗauke. Hoton ya tsuke ya koma ɗan ɗigo fari a tsakiyar talabijin, ya daɗe kafin ya mutu.

Muka zauna muna jira har ruwan ya tsaya. Wuta ba ta dawo ba.

Laraba, 15 ga Yuli

Ashe tsawar ta ƙone taransifomar unguwarmu. An ce sai an kawo wata daga nesa, ba wanda ya san rana.

Kaset ɗin yana ciki. Ba ya fitowa sai da wuta, makullin kejin kuma yana aljihun Abiodun a Ibadan.

Asabar, 18 ga Yuli

Na san wauta ce. Na yi aji biyar a sakandare, na san kaset roba ne da zare. Amma duk sanda na wuce ƙofar Folake sai in ji matar nan tana nan tsaye a cikin akwatin, da shanyarta a kafaɗa, hannun tsohuwa a kan cikinta. Kwana huɗu ke nan ba ta ɗauke hannun ba.

Da a ce na ga ƙarshen, ko da mugu ne. A irin finafinan nan kullum wani yakan zo, fasto ko malam ko mafarauci, a fasa tulunan. Mu an tsayar da mu kafin ya iso.

Yau ina tsintar shinkafa na ji sanyi a daidai cibiyata, faɗin tafin hannu. Rana tsaka, ina gumi. Na ɗaga riga na duba, ba komai.

Litinin, 20 ga Yuli

Wata tsohuwa mai tallan kuka ta yi sallama ta roƙi ruwa. Na shige ɗaki na rufe ƙofa. Ya Gana ce ta ba ta. Allah Ya yafe mini, baiwar Allah ba ta yi mini komai ba.

Laraba, 22 ga Yuli

Ban taɓa rubuta wannan ba, ko a nan. Yau zan rubuta, in ya so in yage.

Shekara biyu da suka wuce muna zaune a Gadau, a kwatas ɗin ma'aikatan gona, ina da cikin fari wata bakwai da wani abu. Muna dawowa daga awo a Azare muka tarar da haɗari a hanya, babbar mota ta taka mai keke. An rufe shi da tabarma, amma iska ta ɗage gefen. Matan da ke motarmu duk suka kau da kai, wata Bafulatana ma ta sa hannu za ta rufe mini ido. Na ture hannunta. Na kalla. Ban san me ya sa ba, na kalli abin da ya rage na fuskarsa har motar ta wuce.

Bayan sati uku naƙuda ta zo, lokaci bai yi ba. A ɗaki na haihu. Ban ji kuka ba. Ungozomar ta juya mini baya, ta naɗe abin a zane da sauri, ta miƙa wa Silas ta bakin ƙofa. Na ce a nuna mini. Ta ce in kwanta, ba a yi. Na ce to mene ne, mace ko namiji? Ta ce in yi haƙuri, Allah Zai ba da wani.

Haka ake yi a nan, haka ake yi a garinmu ma. Wanda bai zo da rai ba, ba a nuna wa uwa, ba a raɗa suna, ba a zaman makoki, maza su kai shi su dawo su wanke hannu. Uwa ba ta tambayar inda aka sa shi. Mama da ta zo jinya ko sau ɗaya ba ta ɗauko zancen ba, kunu kawai take dama mini. Silas ya nemi a dawo da mu Azare, aka dawo da mu, shi ke nan.

Amma na ga saurin da matar nan ta yi wajen naɗewa. Na ga Silas bai iya haɗa ido da ni ba har wata guda. Tun ranar na sa a raina cewa abin da na kalla a hanya shi na haifa, shi ya sa suka ɓoye. Ni na yi masa haka da idona.

Yanzu kuma na sake. Da ƙafata na je, ba wanda ya ja ni.

Ba zan yage ba.

Juma'a, 24 ga Yuli

Ba wuta. Ƙanƙara ta yi tsada a gari, masu firji sai kuka suke. Silas ya ce na rame a wuya. Na ce zafi ne.

Lahadi, 26 ga Yuli

A coci matan Zumunta suka ce in kawo zare a fara saƙa wa jariri hula, wai ni kaɗai ce mai cikin da ba ta sayi ko tawul ba. Na ce akwai lokaci. Zanen goyon da Mama ta aiko wancan karon yana ƙasan akwati, ban taɓa buɗe shi ba.

Ana waƙa na rufe ido, sai ga farar fuskar nan. Ba ta yin komai. Kallo kawai.

Alhamis, 30 ga Yuli

Na yi abin kunya.

Na je wajen Folake na ce ta kira maƙeri a fasa kwaɗon, mu ɗauki bidiyon mu kai wata unguwar da ke da wuta, ni zan ɗauka a kaina in ta kama. Ta ɗauka wasa nake. Da ta ga ba wasa ba ne ta ce Abiodun zai kore ta har Ogbomosho in ya dawo ya tarar an taɓa kejinsa. Na zura hannu ta tsakanin ƙarafan, na tura ɗan murfin, na taɓo gefen kaset ɗin da yatsa. Yana nan daram, da sanyi. Na yi ta ƙoƙarin jawo shi da farce har farcen ya karye.

Folake ta riƙe ni. Ta ce, "Matar Malam, wasa ne fa. Alli ne ta shafa. Matar nan yanzu tana gidanta tana cin tuwon amala."

Na ce mata ita 'ya'yanta uku suna makaranta, ba za ta gane ba. Ta sake ni. Na ga maganar ta soke ta, ban kuma ba ta haƙuri ba.

Litinin, 3 ga Agusta

Tun jiya da rana ɗan cikin bai motsa ba.

Na sha ruwan randa mai sanyi, na kwanta ta hagu, na tashi, na buga cikin da yatsa. Shiru. Silas ya tafi Gadau ban gaya masa ba. Wata takwas gobe. Daidai nan ne wancan karon.

Talata, 4 ga Agusta

Folake ce ta raka ni asibiti. Ban roƙe ta ba, ta gan ni na fito da katin awo ta ɗauki gyalenta kawai ta rufe ɗakinta.

Sista Philomena ta kafa ɗan mazurarin ƙarfen nan a cikina ta sa kunne. Ta daɗe. Na ƙirga ramukan silin har na ɓata. Can ta ce zuciya na bugawa lafiya lau, malalaci ne kawai, wuri ya fara yi masa kaɗan. Tana faɗa kuwa ya yi wani juyi, kamar ya ji ana zaginsa.

Na tambaye ta ko da abin nan ana iya jin yadda fuskar yaro take. Ta yi dariya, ta ce fuska sai ranar. Da ta dube ni ta daina dariyar, ta tambayi ko wani abu ne. Na ce ba komai.

A hanya na ba Folake haƙuri. Ta saya mini dafaffiyar masara.

Ya kamata in yi murna. Yana da rai. Amma sanyin nan yana nan a cibiya, kuma ba mutuwarsa kaɗai nake tsoro ba. Ina tsoron ranar da za a sake juya mini baya.

Asabar, 8 ga Agusta

Silas yana wanke babur a tsakar gida da hantsi, ni ina zaune a kan turmi. Ya Gana ta tafi biki, Folake tana kasuwa. Ban shirya ba, bakina ne ya buɗe.

Na ce, "Malam, me na haifa a Gadau?"

Ya tsaya da tsumma a hannu. Ya ce wace irin magana ce wannan, a wannan halin da nake ciki. Na ce ya faɗa mini ko ba shi da fuska ne, ko me, ni na riga na sani, so nake kawai in ji daga bakinsa. Na gaya masa komai, mai keken, da kaset ɗin, da tsohuwar. Ina magana ina jin yadda take fita kamar ta mahaukaciya.

Bai yi mini faɗan kallo ba. Ya zauna a ƙasa, a cikin ruwan wankin, da wandonsa na kirki. Ya ce, "Salomi, shekara biyu abin da kike ɗauke da shi ke nan?"

Ya ce dattawa ne suka ce kada ya ɗauko zancen, wai in an yi shiru uwa ta fi saurin mantawa, shi kuma da ya ga ban sake tambaya ba ya ɗauka na manta. Ni kuwa na ɗauka shirunsa amsa ce.

Ya tashi ya matse tsumman. Ya ce gobe bayan coci in shirya.

Lahadi, 9 ga Agusta

Ya aro a-kori-kurar ofis, ya sa mini matashi a baya, ya yi ta tafiya a hankali har masu jaki na kallonmu. Gero ya kai kafaɗa ko'ina. Da muka zo inda aka yi haɗarin nan na nemi wurin ban gane shi ba, duk ciyawa ta rufe.

Kwatas ɗin na nan yadda muka bar shi, wasu ne a ɗakinmu. Kawu Umara mai gadi ya taso daga gindin bishiya, ya tsufa. Da ya gan ni ya dubi Silas, ya sunkuyar da kai, ya ce sannu da zuwa, bai tambayi abin da ya kawo ni ba. Ya wuce gaba muka bi shi ta bayan rumbun iri.

Wani ɗan wuri ne, an kewaye shi da ƙaya saboda awaki. An share shi tas, ko ciyawa ɗaya babu. A tsakiya lalle ne ya yi kore shar, ya kai ƙirjina.

Kawu ya ce shi da Malam suka haƙa, su biyu. Da rani shi ke ba lallen ruwa, Malam kuma duk Litinin in ya zo aiki nan yake fara tsayawa kafin ya shiga ofis. Ya faɗi haka ya koma bakin aikinsa.

Duk Litinin. Ni ina ɗaure masa ƙwai ina cewa geron mutane ya fi ni.

Na tambayi Silas me ya sa lalle. Ya ce, "Ai mace ce."

Na zauna a ƙasa. Ya ce kafin su sa ta ya buɗe zanen, ko da yake an hana shi. Ya ce ba abin da ya same ta. Yatsunta goma, gashi baƙi cike da kai, kamar mai barci. Ya sa hannu ya taɓa saman kunnena na hagu, inda ya ɗan lanƙwashe tun haihuwata, ya ce, "Har wannan ta ɗauko."

Ungozomar kuwa sauri ta yi don kada in ga kyanta in kasa haƙura. Ita ta gaya masa haka.

Na yi kukan da ban yi ba shekara biyu. Shi ma ya yi, ban taɓa gani ba, bai ma iya kukan ba, kamar mai tari. Na tambaye shi ko ya sa mata suna. Ya ce ba a sawa. Na ce na san ba a sawa. Ya ce in ya zo shi kaɗai Priskila yake ce mata.

Na tsinko ganyen lallen cikin hannu ɗaya na ƙulle a bakin zane, kusa da tsakuwar Folake.

Laraba, 12 ga Agusta

An kawo wuta da la'asar. Unguwa ta ɗauki sowa. Folake ta fito ba ko ɗankwali tana kirana in zo, ga fim ɗin ya tashi daga daidai inda ya tsaya.

Na ce ina zuwa, tuwo na kan wuta. Gaskiya ne, yana kan wuta. Ta bango ina jin kiɗan nan nasu da ihunta ita kaɗai. Na tuƙa, na kwashe, na wanke tukunya, har na share murhu, abin da ban saba yi da yamma ba.

Da ta gama ta zo da gudu za ta ba ni labari. Na ce ta ajiye mini sai wani lokaci.

Juma'a, 14 ga Agusta

Har yanzu ban ji yadda ta ƙare da matar mai zane ruwan ɗorawa ba. Folake ta cika ta batse, labarin na cinta. Wataƙila in tambaye ta, wataƙila.

Ba zan ce farar fuskar ta tafi ba. Jiya ma na gan ta da na rufe ido, sai dai ta yi nisa, kuma na lura allin bai kai bayan kunnenta ba. Allurar Ya Gana tana kaina, ban cire ba, ba ruwana da jayayya da tsofaffi.

Na daka lallen na ƙunsa a yatsu biyu na hagu. Bai isa hannu duka ba. Ya kama ja sosai. Silas ya gani, ya riƙe hannun ya daɗe.

Na sayi yadi ɗaya da rabi a wajen Folake, fari mai ƙananan furanni. Na ce mata rigar matashi zan yi. Ta ce to, ta ƙara mini da maɓallai guda huɗu ƙanana, irin waɗanda ba a sa wa matashi.

Na gaya wa Silas ko me ya faru ranar haihuwa, a hannuna za a fara sa jaririn, ni zan buɗe zanen. Ya ce ya ji, zai gaya wa Sista da kansa.

Na fito da zanen goyon Mama na shanya, don kada asu ya ci ne kawai. Gobe in na samu mai zuwa Bogoro zan ba da wasiƙa.

Na ɗora yadin a kan cikina ina yanka hannun riga, an harbo shi ya faɗi ƙasa har sau biyu. Ƙanin Priskila ne ko ƙanwarta, ba shi da haƙuri.